Turjiyar Jiƙaƙƙen Hannu

Ina suyar waina labarin ya same ni. Ranar Litinin ce, bayan la'asar. Na ɗora tanda a kan Tabarma, ƙafafunta biyu na ƙarfe suka taɓa ƙasa, ta yi ɗan shirun nan da take yi kamar mai tunani, sannan ta ce zuu, ta fara ɗaukar zafi. Na zuba mai, na zuba ƙullu. Ban kai ga juya ta farko ba na ji sallama a zaure.

Ladan Bawale ne, ladanin masallacin unguwarmu. Mutum ne mai barkwanci. Kullum in ya zo sai ya ce, "Ina wainar ladan, ko sai na kira salla a tsakar gidan nan?" Ran nan bai ce ba.

"Maman Kyauta, ɗan leƙo."

Na leƙa. Yana tsaye, riƙe da buta a hannu ɗaya, takalman Malam a ɗaya hannun. Takalman na fara gani. Maigidana Malam Nalado baduku ne, bai taɓa barin wani ya ɗaukar masa takalmi ba.

"Ina shi?"

"Sai haƙuri. Ya faɗi a ƙofar masallaci. Likitan unguwa ya duba, ya ce zuciya ce."

Wainar ta ƙone a bayana.

Wanda bai zauna a Birnin Rumfa ba ba zai gane Tabarma ba, don haka bari in faɗi yadda take. Lokacin da rana ta fi ƙarfin garuruwanmu na asali, rijiyoyi suka ƙafe, aka kwaso mu daga wajen Nguru da Gashuwa da Damagaram aka zuba mu a nan. An rufe garin duka da wata babbar rumfa. Bayanta yana shan rana ya mayar da ita lantarki, cikinta kuma injinan sanyi ne suke hura iska, don in babu su ba mai kai azahar a tsaye. Lantarkin ba ta waya yake zuwa ba. An shimfiɗa shi a ƙasa. Tituna da kasuwanni da filin masallaci duk an lulluɓe su da layukan ƙarfe, faɗin kowane kamar tafin hannu, ɗaya mai kawowa, ɗaya mai mayarwa, sun jeru kamar saƙar kaba. Shi ya sa muke ce mata Tabarma. Kowane gida an shigar masa da harshenta ɗaya zuwa madafa. Mota ko fanka ko tanda, ka ajiye kawai ta kama aiki. Mutum kuwa ko ba takalmi ya taka ba ta taɓa shi. Yara suna birgima a kanta. An ce mana tana da hankali, tana gane mutum, tana gane na'ura. Mun yarda, don shekaru muna gani.

Wuta mun samu, ruwa ne babu. Abin da ake rabawa a kwalba na sha ne da girki da ɗan goge jiki a cikin ɗaki. Ba shi da ɗanɗanon komai, inji ne yake tatso shi daga iska. Salla kuwa taimama muke yi. Akwai dutse a ƙofar kowane masallaci, ya yi sulɓi saboda hannuwa. Akwai samari a garin nan da suka yi gemu ba su taɓa alwala da ruwa ba.

Sai ga albishir. An haƙa wata rijiya mai zurfin da ba a taɓa kaiwa ba, an samu ruwa. Aka ce ranar Juma'a za a buɗe famfuna a filin babban masallaci, kowa ya zo. Kafin nan aka zaɓi ƙaramin masallacinmu a gwada famfo ɗaya. Da yake Malam ne mafi tsufa a sahu, shi aka ba wa girman ya fara.

Da safen Litinin ɗin kamar yaro yake. Ya sa farar rigarsa ta salla. Ya ce da ni, "Yau zan wanke ƙafata har idon sawu, in ji ruwa yana bin tsakanin yatsuna. Ke kuma ki zauna da wainarki."

Na ce, "Ka dai rage mana."

Ya ce, "Ko ɗigo."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Da aka kawo shi, maza suka shirya yi masa wanka. Na ce ni zan yi. Aka dube ni, amma Liman ya ce addini bai hana mace wanke mijinta ba. A cikin ɗaki na wanke shi, da ruwan kwalba. A tafin hannunsa na dama na ga wani tabo fari, ƙarami kamar ƙwayar masara, gefensa ya ɗan yi baƙi. Na san hannun nan. Na san kowace kanta da basilla ta bar masa. Wannan sabo ne. Da na zo ƙafa, na ga irinsa a tafin ƙafar hagu. Ban ce wa kowa komai ba. Aka kai shi kafin magariba.

'Yarmu ɗaya ce. Sunanta na yanka ba na faɗa, tunda ita ce ta fari, muna kiranta Kyauta. Ta yi karatu, tana aiki a Gidan Awo, inda ake kula da Tabarma. Babanta Turjiya yake ce mata, saboda taurin kanta tun tana ƙarama, kuma saboda kalmar ba ta barin bakinta in ta dawo daga aiki. Washegari da masu gaisuwa suka ɗan ragu, na ja ta madafa na gaya mata tabon.

Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Hannu da ƙafa, Inna?"

"Hannun dama, ƙafar hagu."

"A kira min Baba Ladan."

Da ya zo ta tambaye shi yadda aka yi, ta ce kada ya tsallake komai. Ya ce Malam ya yi alwala yana ta dariya, ruwa yana zuba daga gemunsa. Don murna bai tsaya sa takalmi ba, ya tako waje haka nan, shi da yake yi wa kowa faɗan yawo ba takalmi. Ya sunkuya zai ɗauka, ya dafa ƙasa da hannu ɗaya. Sai ya sandare. Bai yi ƙara ba. Ya ɗan jima a haka, sannan ya kife. Da mutane suka ga haka aka rufe famfon, kowa ya yi taimama.

"Butar da kika gani a hannuna ragowar ruwansa ne," in ji Ladan. "Na ce in kawo miki, ko don albarka."

Kyauta ta ɗauko butar. Ta ɗiga a yatsa ta lasa, ta miƙo min. Na lasa.

"Kanwa," na ce.

Fuskarta ta canza. Ta shiga ɗaki ta fito da akwatin awonta, ɗan ƙarami mai wayoyi biyu. Ta zaunar da ni a kan turmi nesa da harshen Tabarma, ta ce in riƙe waya ɗaya a kowane hannu.

"Inna, ki saurare ni, ba wuya. Kin san ƙofar kasuwa ranar da ta cika? Mutanen baya suna turi. Turin nan shi ne matsi, da bolt muke auna shi. Yawan mutanen da suke samun wucewa shi ne gudu, da amfa muke auna shi. Ƙuncin ƙofar kuma shi ne turjiya, da om muke auna ta. In ƙofa ta yi ƙunci, komai turi kaɗan ne za su wuce. In ta buɗe, sai su kwararo."

"To."

"Tabarma ba ta da ido. Ba ganin mutum take yi ba, lissafi take yi. Duk abin da ya taɓa ta, sai ta tura masa ɗan matsi kaɗan, bolt goma, ta duba gudun da ya wuce. Ta raba matsin da gudun, abin da ya fito shi ne turjiyar abin. Shirun da tandarki take yi kafin ta kama, lissafin ne. In turjiya ta haura om dubu biyu, ta ce wannan mai rai ne, ta ƙyale shi. In ta gaza haka, ta ce na'ura ce, ta sakar mata bolt ɗari huɗu."

Ta danna akwatin. Ban ji komai ba.

"Hannunki a bushe. Gudun kashi ɗaya ne cikin dubu goma na amfa. Raba goma da shi, om dubu ɗari. Ke mutum ce."

Ladan ya ce, "Alhamdu lillahi, dama muna zato."

Ba wanda ya yi dariya, shi ma bai yi ba.

Ta jiƙa min hannu da ruwan kwalba, ta sake dannawa. "Om dubu goma. Ta ragu, amma har yanzu ke mutum ce. Da irin wannan ruwan aka gwada Tabarma lokacin da aka gina ta. Shi kaɗai ne a garin."

Sannan ta goge min hannu, ta zuba na butar Malam. Ta danna. Wani abu ya tsarga min daga yatsu har gwiwar hannu, kamar tururuwa suna gudu a cikin jijiya. Na yar da wayoyin.

Kyauta tana kallon akwatin. Sai da na ce, "Faɗi mana," sannan ta faɗa.

"Kashi ɗaya cikin ɗari na amfa. Goma a raba da shi, om dubu ɗaya."

"Ma'ana?"

"Kanwa tana buɗe wa wuta ƙofa, Inna. Gishiri ma haka. Dubu ɗaya bai kai dubu biyu ba." Ta ajiye akwatin. "Tabarma ta sakar wa Baba ɗari huɗu. Ɗari huɗu a raba da dubu, kusan rabin amfa ke nan ya shiga ta hannunsa, ya ratsa ƙirji, ya fita ta ƙafa. Abin da bai kai wannan ba ma yana tsayar da zuciya."

Ladan ya zauna a ƙasa, ya tuna, ya miƙe da sauri ya koma kan dakali.

"In kuma kika ninka matsi da gudu," in ji ta, "sai ki samu ƙarfin da abin ya ci. Wat ɗari da sittin." Ta juya ta kalli fankarmu da take tsaye a kan harshen Tabarma tana juyawa. "Daidai da waccan. Fanka ta ɗauke shi, Inna. Ta ga Baba ta ce fanka ce, ta kunna shi."

Ban yi kuka a lokacin ba. Tsoro ne ya riga kuka zuwa. Na tuna wani ɗan dako da ya faɗi a kasuwa bara, gumi sharkaf, takalminsa ya tsinke. An ce zuciya. Na tuna wata mata a layin baya da aka samu a madafa, miya ta zube a gabanta. Ita ma an ce zuciya. Na dubi ƙasar da muke takawa tun zuwanmu garin nan, tana nan a shimfiɗe tana ƙyalli, ba ta yi kama da abin da ya taɓa yin komai ba.

Ladan ne ya fara faɗin abin da duk muke tunani. "Juma'a," ya ce.

Masallacin Juma'a ba ya ɗaukar rabin mutane. Sauran a fili suke sahu, a kan Tabarma, wasu da 'yar darduma sirirya, wasu babu. Goshi a ƙasa, tafin hannu biyu a ƙasa, yatsun ƙafa a ƙasa. Kuma duk garin zai zo da jiƙaƙƙiyar fuska.

Ranar Laraba shugaban su Kyauta ya zo gaisuwa. Injiniya Mamuda sunansa, dattijo mai sanyin magana. Bayan addu'a Kyauta ta ajiye masa akwatin da butar a zaure. Ina bayan labule ina ji. Bai yi gardama ba. Da kansa ya jiƙa hannu ya gwada. Ya dubi akwatin, sannan ya yi magana.

"Innalillahi. Mun gwada ruwan rijiyar don sha, mun gwada shi don bututu. Ba wanda ya kai shi kan Tabarma."

"A sauke iyakar, ranka ya daɗe. A ce sai abin da ya gaza om ɗari biyar za a ba wuta."

"Sai fankoki su mutu, 'yata. Da firjin magani. Da injinan numfashi na asibiti, su ma wajen dubu ɗaya suke. A wajenta jiƙaƙƙen mutum da injin numfashi abu ɗaya ne. Lamba ɗaya take gani."

"To a kashe yankin masallaci ranar Juma'a."

"Injinan sanyin unguwa huɗu a kan yankin suke. Da tsakar rana. Kin san abin da zai faru da tsofaffi da jarirai."

"To a fasa buɗe ruwan!"

"Wannan zan kai sama yau ɗin nan. Wallahi zan kai."

Ya kai. Ranar Alhamis amsa ta dawo. Sun ce an riga an sanar wa duniya, baƙi sun taho daga wasu birane, ba za a fasa ba saboda dattijo ɗaya da likita ya ce zuciya ce. Za a kafa kwamiti bayan biki. Kafin nan za a roƙi jama'a su goge jiki su sa takalmi.

Ina cikin takaba, bai kamata in fita ba, amma na yafa mayafi muka je wurin Liman ni da Ladan. Ya saurare mu da kyau. Ya ce ba zai iya ce wa mutane su yi taimama ga ruwa yana zuba a gabansu ba, amma zai faɗa a huɗuba kowa ya bushe kafin ya yi sahu. Ladan ya ce, "Allah gafarta Malam, kafin ka hau mumbari ai sun yi nafila." Liman ya ce Allah ya tsare. Muka bi gida gida a layinmu. Wasu suka ji. Wata ta ce min, "Baƙin ciki ne, Maman Kyauta, je ki kwanta." Wani saurayi ya ce, "Don mijinki ya mutu sai mu fasa ganin ruwa?"

Da na dawo da yamma na tarar da Kyauta a rumfar babanta. Ta ɗauko ƙarfen nan mai ƙafa uku da yake kifa takalmi a kai in zai buga ƙusa. Ta cire katakon gindinsa, tana goge tsatsar da yashi.

"Me za ki yi da shi?"

"Lissafin dai ne, Inna. Ƙarfen nan turjiyarsa ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na om ɗaya ba. In ya haɗa layi biyu, Tabarma za ta ɗauka babbar mota ce, ta saki ɗari huɗu. Ɗari huɗu a raba da wannan, amfa dubu huɗu. Ba za ta iya ɗauka ba. Yankin zai yanke kansa, kuma ba a tayar da shi sai bayan la'asar."

Na ce, "Ninka min ɗayan."

Ta ɗago ta dube ni.

"Kin ce in an ninka matsi da gudu ana samun ƙarfi. Ninka min."

Sai ta ce, "Wat miliyan ɗaya da dubu ɗari shida."

"Ɗari da sittin ne ya kashe babanki."

"Wannan ba ta jikina zai bi ba, ta ƙarfen zai bi."

"To ki jefa daga nesa."

"Zai yi tsalle. Sai an danne shi ya zauna."

"Tsofaffin da Injiniya ya ce fa? Jariran fa?"

Ta ajiye yashin. "Na lissafa su, Inna. Tun jiya nake lissafa su. Ba ya fita daidai ta kowane gefe. Amma filin can mutum dubu nawa ne?"

Na ce mata ke kaɗai gare ni. Na ce mata ban gama wanke hannuna daga gawar babanta ba. Na kama zaninta. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Baba ne ya sa min Turjiya, ba ni na sa wa kaina ba."

Ranar Juma'a na bi ta. Ta sa takalman roba masu kauri da Malam ya ɗinka, ta zura hannuwanta cikin wasu biyu, ta naɗe ƙarfen a zani kamar goyo. Ban taɓa ganin taro irin na ran nan ba. An jera famfuna gefen fili, an ɗaura musu kyallaye masu launi. Wani babba ya yi jawabi ya murɗa na farko. Da ruwa ya zubo, garin ya yi wata irin ƙara da ba zan iya kwatantawa ba. Tsofaffi suna kuka. Maza suna tura kai ƙarƙashin famfo da hularsu. Yara suka tuɓe riguna. Lasifika tana cewa a goge jiki a sa takalmi, ba mai ji.

Wurin famfunan siminti ne. Tabarma tana farawa ɗan gaba kaɗan. Na ga ruwa ya cika kwatar, ya tsallake, ya fara rarrafe zuwa wajen layukan ƙarfe. Na ga mutanen farko sun juyo, takalma a hannu, ƙafa tana ɗiga, suna neman wurin sahu. A gabansu akwai wani tsoho mai farar riga. Gemunsa yana zubar da ruwa, yana dariya.

Kyauta ta ce, "Inna, juya baya."

Ban juya ba. Ta durƙusa, ta kwance zanin, ta kifa ƙarfen a kan layi biyu, ta danne da dukkan nauyinta. Aka yi ɗan shirun nan. Na san shi, shirun tandata ne. Tabarma tana lissafi.

Sai haske. Fari ne, ya fi rana, da ƙara kamar an fasa dutse. Na ga 'yata ta tashi sama ta faɗo da baya. Ƙarfen Malam ya yi ja, ƙafarsa ɗaya ta narke ta manne da ƙasa. Fitilun rumfa suka mutu. Injinan sanyi da muka saba da kukansu har ba ma jin sa suka yi tsit, sai a lokacin na san garin yana da shiru.

Tsohon nan ya taka Tabarma da jiƙaƙƙiyar ƙafarsa. Ya ajiye takalmansa, ya dafa ƙasa, ya zauna. Ba abin da ya same shi. Ya waiwayo yana tambaya wace mahaukaciya ce ta kashe wuta.

An yi salla cikin zafi. Mutum dubbai suka sa goshi a ƙasa da ruwan kanwa a fuskarsu, suka ɗago lafiya. Ni ina rungume da kan Kyauta, gashin girarta ya ƙone, idanunta a buɗe, tana cewa, "Inna, an yanke? Inna, dare ne?"

Kafin a tayar da yankin, zafi ya shiga gidaje. Tsofaffi sun mutu a unguwa huɗun nan, ban san adadinsu ba, ban tambaya ba. Da jariri ɗaya. Uwarsa Tasallah sunanta, tana sayen waina a wurina. Bayan kwanaki ta zo ƙofar gidanmu ta tsaya, da zanin goyo ɗaure a ƙirjinta, ba kowa a ciki. Ba ta yi zagi ba. Ta tsaya kawai, ta gaji ta tafi. Na fi son da ta zage ni.

Waɗanda suka mutu an san sunayensu. Waɗanda ba su mutu ba, ba wanda ya san su, su ma ba su san kansu ba. Injiniya Mamuda ya tsaya gaban kwamiti ya faɗi gaskiya, shi ya sa ba a ɗaure Kyauta ba, an dai sallame ta, shi ma aka sallame shi. Kwamitin ya gwada ruwan ya samu lissafinta daidai. Suka ce cire kanwa daga ruwan gari guda zai ci wutar da ta fi ta injinan sanyi, sake Tabarma kuma sai an tashi garin duka. Aka zauna aka zaɓa. Aka toshe rijiyar.

Famfunan suna nan a gefen fili, kyallayen sun koɗe. Mun koma dutsen taimama. Akwai masu cewa gidanmu ne ya hana garin ruwa, in na wuce sai su kau da kai. Tabarma tana nan yadda take. Ba a canza mata komai ba. Yara suna birgima a kanta, tana tura musu bolt goma, tana rabawa, tana yanke hukunci. Mutanen da suka iya rufe rana da rumfa, suka tatso ruwa daga iska, ba su iya koya wa abin da suka shimfiɗa mana bambancin dattijo da fanka ba.

Kyauta tana gane haske da duhu, iyakarta ke nan. Tana zama a rumfar babanta tana ɗinkin takalmi da lalube, ta fara iyawa. Ladan Bawale yana zuwa ya zauna ya ce ɗinkinta ya fi na Malam karkata, ita kuma ta ce kiran sallarsa ya fi ɗinkin karkata. Wani lokaci har ta yi dariya.

Ni na koma suyar waina, don sai an ci. Da safe nake tuna shi, lokacin da yake zama a dakali yana jiran ta farko. Kuka yakan zo, ba na hana shi. Sai in share da hannu. Amma Kyauta ta gaya min hawaye ma da gishiri a cikinsa. Don haka na rataye hular Malam a ƙusa kusa da madafa. Kullum kafin in ɗora tanda, sai in sauko da ita in goge hannuwana, ciki da baya da tsakanin yatsu, in ɗaga su sama in jira su bushe sarai. Sannan in sunkuya.